Zaɓen Kayan Haɗa Babbar Kwamfutar Wasa a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, rayuwar mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ta sauya. Ruwan da ke gangarowa ta babban kanal ya mai da rani lokacin aiki, shinkafa da alkama da tumatir suka zama hanyar samun kuɗi, har matashi kan iya fitowa daga kaka ɗaya da ribar da a da sai babban magidanci ke riƙe irinta. Wani ya sayi babur, wani ya sayi injin ban-ruwa, wani kuma ya buɗe gidan kallon ƙwallo ko gidan gem. Wannan maƙala ta shafi na ƙarshen nan ne, musamman wanda ya ƙuduri aniyar wuce ƙananan na'urorin wasa irin su PlayStation, ya haɗa babbar kwamfuta da hannunsa, yana zaɓen kayanta ɗaya bayan ɗaya.

Batun ba ƙarami ba ne, ko da yake sunansa wasa. Kuɗin irin wannan na'ura yakan kai miliyoyin naira, kuma kuskure ɗaya wajen zaɓe yana iya cinye ribar shekara. Bayan haka, kwamfutar da ta iya ɗaukar manyan wasanni ita ce dai ake bukata wajen tace fim, da zanen gine-gine, da haɗa taswirar gonaki daga hotunan da jirgi maras matuƙi ya ɗauko. Saboda haka abin da za a faɗa a nan zai amfani wanda bai taɓa riƙe abin buga wasa ba.

Yawancin kayan nan ba su da tsayayyen suna a Hausa. An bi hanya biyu a wannan takarda: inda 'yan kasuwa suka riga suka hausantar da kalma an bar ta yadda suke faɗinta, inda kuwa ba su yi ba an siffanta abin da aikinsa.

Ƙa'idar Ƙaramar Ƙofa

Manomin Kadawa ya san cewa ruwan da ke isa gonarsa ba girman Tiga ke ƙayyade shi ba. Ko madatsar ta cika ta batse, in ƙofar da ke shayar da sashensa ƙarama ce, ko kachala ta toshe magudanar, to abin da ƙofar ta bari shi zai samu. Haka lamarin kwamfuta yake. Sassanta manya guda bakwai ne: katin hoto, da ƙwaƙwalwa, da uwar allo wadda kowane sashe ke zama a kanta, da ram, da rumbun ajiya, da fawa-fak mai rarraba wuta, da akwati tare da fankokinsa. Aikin yana bi ta cikinsu ne kamar yadda ruwa ke bi ta kanal, kuma saurin na'urar duka ba ya wuce saurin sashen da ya fi rauni a cikin aikin da aka ba ta. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a kan sashe ɗaya ya tsuke sauran, ya yi kamar wanda ya faɗaɗa babban kanal ya bar ƙofar gonarsa yadda take.

Dalilin da ya sa mutum ke iya sayen sassan nan daga kamfanoni dabam-dabam su dace da juna shi ne ƙa'idojin da masana'antu suka amince da su. Babbar cikinsu ita ce ATX, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1995, ta tsayar da girman uwar allo, da wuraren ƙusoshinta, da irin wayoyin da fawa-fak zai ba ta. Amma fa dacewar ba ta game kome ba, kamar yadda za a gani.

Allon Kallo

Masu saye da yawa sukan bar allon kallo sai ƙarshe, su saye shi da canjin da ya rage. Wannan baibai ne. Allon shi ke faɗin yawan aikin da za a ɗora wa na'urar, don haka da shi ya kamata a fara shawara.

Hoton da ke kan allo ɗige-ɗige ne ƙanana. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo wajen miliyan 2.1. Mai 2560 da 1440 yana da wajen miliyan 3.7. Wanda ake kira 4K, watau 3840 da 2160, yana da wajen miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan na na farkon. Sa'an nan wasa ba hoto ɗaya ba ne. Dole a sake zana dukan ɗigon nan sau da yawa a kowace daƙiƙa domin ido ya ga motsi. Talabijin na gida yakan sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa, allunan wasa kuwa suna kai 144, wasu 240 ko fiye. Wanda ya zaɓi 4K a kan 144, ya nemi a zana masa ɗigo sama da biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Wanda kuwa ya haɗa na'ura mai tsada da tsohon talabijin mai sabunta hoto sau 60, duk hotunan da ta zana bayan sittin ɗin nan ba zai gan su ba.

Irin wasan ma yana da nasa hukunci. Wasannin ƙwallon ƙafa da suka fi karɓuwa a gidajen gem na ƙasar Hausa, watau EA Sports FC, wanda har zuwa 2023 aka san shi da FIFA, da eFootball wanda a da ake kira PES, ba su da nauyi sosai, matsakaiciyar na'ura tana ɗaukarsu. Manyan wasannin yaƙi da na yawo cikin faffaɗan birni su ne ke cin ƙarfi. A mafi yawan hali, allo mai inci 27 da ɗigo 2560 da 1440, mai sabuntawa sau 144 ko sama, shi ya fi dacewa da kuɗin da za a kashe.

Katin Hoto

Wannan shi ne sashe mafi tsada, kuma shi ke zana ɗigon da aka ambata. Kamfanoni biyu ne suka fi riƙe kasuwarsa, duka na Amurka: Nvidia, wanda aka kafa a 1993, da AMD, wanda ya shigo harkar sosai bayan ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006. Intel ma ya shigo da nasa mai suna Arc a 2022, sai dai bai kai ga manyan katuna ba.

Abu uku ake dubawa a jikin kati: ƙarfin zanensa, da yawan ma'ajiyar da ke jikinsa, da yawan wutar da yake sha. A watan Janairu na 2025 Nvidia ya fitar da RTX 5090, mai ma'ajiyar gigabayit 32, mai shan wat 575, a kan farashin dala 1,999. Tare da shi aka fitar da RTX 5080 mai gigabayit 16 da wat 360 a kan dala 999. Bayansu RTX 5070 Ti ya biyo, shi ma gigabayit 16 ne, yana shan wat 300, a kan dala 749. A watan Maris na shekarar AMD ya fitar da RX 9070 XT, gigabayit 16, wat 304, dala 599. Waɗannan farashin da kamfanonin suka sanar ne ranar fitarwa. A kasuwa sau da yawa sukan wuce haka, kafin ma a sa kuɗin jigila da na kwastan da ribar mai shago.

Mai saye a Nijeriya yana da wani lissafin da mai saye a Amurka ba shi da shi. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ɗaya a hukumance ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta wuce naira 1,500, kuma ta shafe yawancin 2025 a kusa da nan. A wannan canjin, dala 1,999 ta kama naira miliyan 3, kati kaɗai ke nan, ba a sayi ko ƙusa ba. Dala 749 kuwa ta ɗan wuce miliyan 1 da dubu ɗari. Bambancin da ke tsakaninsu ya isa sayen ƙwaƙwalwa da uwar allo da ram da rumbu gaba ɗaya.

To, me babban ya fi ƙaramin da shi? A kan allon 4K fifikonsa a bayyane yake. A kan allon 1440 kuwa, katin dala 600 ko 750 yana cika allon da hotuna har ya yi saura, fifikon babban sai ya zama na alfahari. Abin da bai kamata a sassauta ba shi ne ma'ajiya. Kati mai gigabayit 8 ya fara gazawa a sababbin wasanni in an ɗaga kyawun hoto, kuma ma'ajiyar kati a like take, ba a ƙara ta daga baya. Ga wanda ke son na'urarsa ta yi shekara huɗu ko biyar, 16 ita ce ma'auni.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka jawo wa mutane asara. Na farko tsawo: wasu manyan katuna sun wuce santimita 33, ba kowane akwati ke ɗaukarsu ba, sai a auna kafin a biya. Na biyu wayar wuta. Tun daga RTX 4090 da aka fitar a watan Oktoba na 2022, manyan katunan Nvidia suna amfani da wata sabuwar mahaɗa mai ɗaukar wat 600, kuma an sami rahotannin narkewarta, galibi inda ba a tura ta ta shige sarai ba. An gyara fasalinta daga baya, amma har yanzu ƙa'idar ita ce a danna ta sai ta yi ƙara, kuma kada a lanƙwasa wayar dab da bakinta.

Ƙwaƙwalwa da Uwar Allo

Idan kati ne mai zane, ƙwaƙwalwa ce ke gaya masa abin da zai zana: inda ƙwallo ta nufa, da abin da kowane ɗan wasa zai yi, da abin da hannun mai bugawa ya umarta. Intel da AMD ne ke yin ta. Kowace ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyi da yawa a cikinta masu aiki tare, kuma 'yan kasuwa sukan yi talla da yawansu. Wasa bai cika amfana da fiye da takwas ba. Abin da ya fi taimakonsa shi ne wata 'yar ma'ajiya da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta, wadda za a iya kira aljihu, domin abin da ke aljihu ya fi saurin ɗauka bisa ga wanda ke ɗaki. A 2022 AMD ya fara fitar da ƙwaƙwalwa mai babban aljihu, ana gane ta da haruffan X3D a ƙarshen suna. Ryzen 7 9800X3D, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2024, tana da ƙwaya takwas da aljihu mai megabayit 96, kuma masu gwaji sun sa ta a gaba wajen wasa lokacin da ta fito. Yayarta 7800X3D ta 2023 ba ta yi nisa da ita ba, kuma ba ta da shan wuta, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a Kura.

Game da Intel akwai labarin da ya kamata mai sayen kayan hannu ya sani. A 2024 kamfanin ya amsa cewa manyan ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, har sukan lalace a hankali. Ya fitar da gyara ta manhajar uwar allo, ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa nan gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma ido ba ya bambance mai lafiya da maras lafiya a kan teburin mai shago.

Kowace ƙwaƙwalwa tana da irin gurbin da take zama a kan uwar allo, kuma a nan dacewar da aka ambata ta tsaya. Sababbin Ryzen suna zama a gurbin AM5 ne, wanda ya fito a 2022, ba sa shiga tsohon AM4. Zubi na 12 zuwa na 14 na Intel suna zama a LGA1700, waɗanda suka biyo bayansu a watan Oktoba na 2024 kuwa sai LGA1851. Gurbin yana da ƙananan allurai 1,700 ko fiye, in ɗaya ta lanƙwashe wajen ɗorawa, allon yana iya tashi aiki. Ba a samun saurin wasa daga tsadar uwar allo; matsakaiciya mai kyawun sashen daidaita wuta ta wadatar.

Ram da Rumbu

Ram ita ce faifan da ake baza aikin da ke hannu, da an kashe wuta kuma sai ta share. Gigabayit 32 ta ishi kowane wasa na yanzu. A saye ta sanda biyu masu 16, domin ƙwaƙwalwa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda, sanda ɗaya kuwa ta rufe hanya ɗaya ke nan. Irin DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, AM5 kuma DDR5 kaɗai take karɓa. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin fasahar ƙirƙirarriyar basira sun kwashe abin da masana'antu ke yi.

Rumbu shi ke riƙe wasanni ko an kashe wuta. Tsohon rumbu mai faifai yana karanta megabayit ɗari da wani abu zuwa ɗari biyu a daƙiƙa, SSD mai waya yana kai 550, irin NVMe da ake soke shi a jikin uwar allo kuwa yana kai 7,000. Tun da wasa ɗaya kan ci fiye da gigabayit 100, rumbun terabayit 2 ne daidai.

Wuta

A nan ne shawarwarin da aka rubuta don mutanen Turai da Amurka suke gaza mutumin Bunkure, domin an rubuta su ne a kan cewa wuta tana nan dare da rana, kuma ƙarfinta bai sauyawa. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, yana kuma raba abin da babban layin ƙasa ya kawo masa ne. A watan Oktoba na 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Man janareta kuwa ya ninka kuɗi tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Saboda haka duk wat ɗin da kwamfuta za ta sha, mai ita ne zai nemo shi, ko dai da fetur ko da hasken rana.

Ga lissafin. Na'ura mai RTX 5090, in an haɗa wat 575 na kati da na ƙwaƙwalwa da sauran sassa da allon kallo, tana iya kai wat 850 lokacin da wasa ya yi zafi. Mai katin wat 300 kuwa tana tsayawa wajen 550. In za a yi wasa na sa'a shida, daga la'asar zuwa bayan lisha, ta farko za ta ci kilowat-awa 5.1, ta biyu 3.3. Babban batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe kilowat-awa 2.4, amma rabi kawai ake ɗiba in ana son ya yi ƙarko, watau 1.2. Ke nan na'urar farko tana bukatar irin batirin nan biyar in an sa asarar da inbata ke yi, ta biyu kuwa uku zuwa huɗu. Ga kuma farantan sola da za su cika su, ga inbata mai girman da zai ɗauki nauyin. Batirin litiyam ya fi jure ɗiba da ƙarko, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa. Duk yadda aka juya, babban kati sau biyu ake biyan kuɗinsa, sau ɗaya a shagon kwamfuta, sau ɗaya a shagon sola.

Fawa-fak shi ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mai da ita ƙananan ma'aunai, musamman bolt 12, ya rarraba wa sassa. Shi ne sashen da aka fi yi wa rowa, alhali in ya ƙone yana iya tafiya da kati da uwar allo. Nvidia ya ba da shawarar mai wat 1,000 ga RTX 5090, da mai 750 ga RTX 5070 Ti. Tambarin 80 Plus da ke jikinsa yana nuna yawan wutar da yake isarwa ba tare da ta zama zafi ba. Mai darajar Gold yana isar da wajen kashi 90 cikin ɗari. A nemi wanda aka yi bisa ƙa'idar ATX 3, domin yana zuwa da sabuwar wayar kati, kuma an gina shi ya jure fizgar wutar da manyan katuna kan yi farat ɗaya. A kuma duba rubutun jikinsa: wanda ke aiki daga bolt 100 zuwa 240 ya fi haƙuri da raunin wuta bisa ga wanda aka yi wa 230 kaɗai.

Ko mafi kyawun fawa-fak bai kamata a soka shi kai tsaye a bango ba. Haɗarin ba a ɗaukewar wuta kaɗai yake ba. Lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi, da lokacin da janareta ke shiƙa don mai ya kusa ƙarewa, da tsawar damina, su ne suka fi ɓarna. Tsarin da ya fi aminci shi ne kwamfuta ta sha daga inbata a kowane lokaci, wutar gari ko janareta su tsaya ga cika batir. Inbatan kuwa lalle ya zama mai fitar da wuta mai santsin igiya irin ta gari, domin mai araha da ke fitar da igiya mai kusurwa yakan sa fawa-fak na zamani ya yi ƙugi ko ya mutu a tsakiyar aiki. Wayar ƙasa ma wajibi ce. Gidaje da shaguna da yawa ba a binne musu ita ba, kuma in babu ita na'urar kariya daga tsawa ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tare.

Zafi da Ƙura

Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Na'ura mai wat 850 kusan daidai take da dutsen guga da aka bari a kunne a cikin ɗaki. Masu gwada kayan nan a ƙasashen waje sukan yi gwajinsu a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25, a ƙasar Kano kuwa zafin watan Afrilu yakan kai 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Fanka ba ta sanyaya abu fiye da iskar da take jawowa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, ƙwaƙwalwa ma ta ƙaru da kusan irinsa. Ryzen 7 9800X3D iyakarta digiri 95. In ta kai nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, mai ita ya ga wasa yana tsinkewa bai san dalili ba.

Maganin farko akwati ne mai raga a gaba, wanda iska ke ratsawa. Akwatunan gilashi ta kowane gefe, masu fitilu kala-kala, suna da kyan gani, amma an yi su ne don ƙasashen sanyi. Game da abin sanyaya ƙwaƙwalwa, akwai mai ruwa da mai iska. Mai ruwa yana da ƙaramin famfo a cikinsa, in ya mutu kuma sai an sake duka, ba kuwa a Kura za a same shi ba. Babban mai iska ƙarfe ne da fanka, in fankar ta tsaya kowane mai gyara zai sauya ta. Ga ƙwaƙwalwa mai ƙwaya takwas, mai iska ya isa. Akwai kuma dabarar rage wa kati wuta ta cikin manhajarsa: in an sauke shi da kashi 20 cikin ɗari, abin da yake rasawa na gudu kaɗan ne, zafi da cin batir kuwa su ragu sosai.

Ƙura iri biyu ce a yankin. Akwai ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai laushi kamar gari. Akwai kuma ta kaka da ta injinan casar shinkafa, waɗanda Kura ta yi suna da su, mai haɗe da ƙaiƙayi da dusa. Dukansu suna taruwa a tsakanin siraran ƙarafan da ke fitar da zafi su toshe su, yadda kachala ke yi wa magudana. Idan kuma damina ta zo da raɓa, ƙurar ta jiƙe ta kama jikin allo. A sa fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa, kuma su jawo ta cikin matata, domin iskar da ta yi yawa a ciki ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ƙura ta shiga ta nan. A ɗora akwatin a kan tebur, a wanke matatar duk mako a lokacin hunturu, a hure cikin da abin hura iska duk wata biyu ko uku bayan an cire wuta.

Kasuwa

Mai neman kayan nan daga Kura ko Bunkure zai fara ne da birnin Kano, a shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre. Manyan katuna da sababbin ƙwaƙwale kuwa sau da yawa sai an aiko da su daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko daga Dubai da Sin. Garantin da kamfani ya rubuta na shekara uku ba shi da amfani sosai in sai an mai da kayan wata ƙasa kafin a karɓe shi, don haka alkawarin da mai shago ya rubuta a kan rasit, da lambar jikin kayan, shi ne abin riƙewa.

Kayan hannu sun kasu. Akwati da abin sanyaya mai iska da ram ba su cika ba da matsala ba. Fawa-fak da rumbu kuwa tsufansu a ciki yake, gara sababbi. Kati yana tsakani. A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo shi, sai ɗimbin katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, galibi zubin RTX 30 da RX 6000 da waɗanda suka gabace su. Wasunsu lafiya lau suke, wasu fankokinsu da ma'ajiyarsu sun gaji. Haka nan an sha kama katunan da aka sauya wa suna a cikin manhaja, ƙaramin kati yana amsa sunan babba. Mai saye ya sa a kunna katin a gabansa, a buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, a gwada abin da ta nuna da abin da ke rubuce a kwali, sa'an nan a sa wasa mai nauyi na rabin sa'a ana duban zafinsa da ko hoto zai yi zane-zane. Wanda zai sayi tsohuwar uwar allo kuma ya tabbata tana karɓar Windows 11, tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Abu ɗaya ya rage da babu sashen da ke gyara shi. Wasannin da ake bugawa da mutanen nesa suna bi ta manyan kwamfutocin da galibi ke Turai ko Afirka ta Kudu. Saƙon da ya tashi daga Kura sai ya gangara Legas, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano, ya je ya dawo, tafiyar da kan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ɗan wasan da ke Jamus yana ganin abin da ya faru kafin na Kura ya gani, kome tsadar katinsa. Gidan gem da zai dogara ga wasan mutum biyu a kan allo ɗaya, kamar yadda aka saba da ƙwallon ƙafa, wannan jinkiri bai shafe shi ba, sai dai bukatar layi mai ƙarfi don sauke wasan da sabunta shi.